Askirim a Aji: Inji Zan Saya Ko Leda Ta Isa?

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare a Zariya. Ina so in nuna wa ɗalibaina darasin daskarewa ta hanyar yin askirim, amma ba mu da ɗakin gwaji, injin da na gani a kasuwa kuma ya fi ƙarfin albashina. In ci bashi ne?

Amsa: Kwantar da hankalinki, Malama, ko sisi kada ki ranta. Ki zuba madara rabin kofi da sukari cokali ɗaya a ƙaramar leda mai kauri, ki ɗaure tam. Ki jefa ta cikin babbar leda mai fasasshiyar ƙanƙara kashi uku, gishiri kashi ɗaya, yara su yi ta girgizawa minti 10 zuwa 15. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0, amma madara mai sukari sai ta sauka ƙasa da haka kaɗan, shi ya sa ƙanƙara kaɗai ba ta daskarar da ita. Gishiri yana narkar da ƙanƙara, narkewar kuma zafi take ci, sai ta zuƙe shi daga madarar. Haɗin ƙanƙara da gishirin yana iya sauka har digiri 21 ƙasa da sifili. Ko injin hannun da Nancy Johnson ta yi wa rajista a Amurka a 1843, da ƙanƙara da gishiri yake aiki. Ki sa rukuni ɗaya su yi nasu ba gishiri, su ga madararsu ta zauna ruwa. A naɗe ledar da tawul, sanyin yana cin yatsu. Ki kuma bari sai hunturu, don a zafin Afrilu kin san yadda ƙanƙara take tsada, ga saurin narkewa.

Tambaya daga wani malami: Ba zai fi sauƙi in daskarar da shi a firizar gida in kawo musu ba?

Amsa: Malam, rabon askirim kake so ka yi ko darasi? Abin da yaro bai gani da idonsa ba, me zai rubuta?

Tambaya: Ma'aunin zafin jiki na kemis zai yi?

Amsa: Ba zai yi ba, aikinsa tsakanin digiri 35 da 42 ne. Nemi na girki mai batir, yana sauka ƙasa da sifili sosai. Na gilashi mai makuri, wato zaiba, kada ya shiga hannun yara kusa da abinci.

Tambaya: Ɗalibaina sun kai saba'in. Akwai madarar gari da ake aunawa da mudu, ta fi araha nesa. In saya?

Amsa: Nan ne raina yake ɓaci. Garin da aka juye daga buhu, ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, wa ya gaya maka madara ce? Sau da yawa farin garin shayi ne da aka haɗa da man itatuwa, wani ma ya kwana a rana da ƙura, ana auna shi da hannun da yake karɓar kuɗi. In kai za ka sha a gidanka, ruwanka. Amma 'ya'yan mutane amana ne, kuma ranar da cikin yaro ɗaya ya ruɗe, ba wanda zai tuna kuɗin da ka rage. Ka sayi madara a rufe cikin ledarta ko gwangwaninta, ka duba lamba da kwanan wata, ka dama da ruwan da aka tafasa ya huce. In ta shanu ce daga ruga, a tafasa ta tukuna. In kuɗin bai kai ba, ka raba su rukuni bakwai, leda ɗaya kowane rukuni, kowa ya zo da cokalinsa. Inda za ka yi tsimi shi ne gishiri da ƙanƙara, tunda ba shan su za a yi ba: gishirin awo ya isa. Amma ka ninka ƙaramar ledar biyu, ka wanke bayanta kafin a buɗe, don ba ka san ruwan da aka yi ƙanƙarar da shi ba. Kafin ranar kuma ka aika wa iyaye, a gaya maka yaron da madara ba ta karɓe shi ba, ko mai ciwon sukari.