Faifan farko na Allman Brothers: me ya sa waƙoƙin suke gajeru?

Ɗan'uwa, ka ce an yi ta yaba maka Allman Brothers Band, ƙungiyar makaɗan rock ta Amurka, kan dogon kiɗan da suke ƙirƙira nan take, sai ka ji waƙoƙin faifansu na farko gajeru, har kake tambaya ko wani faifan aka nufa. Na daɗe ina jin su, kuma har gobe da shi nake fara wa sabon shiga.

Ya fito a Nuwamban 1969, shekarar da suka haɗu. A New York aka ɗauke shi, waƙoƙi bakwai, duka ba su kai minti 35 ba, kuma bai yi kasuwa ba a lokacin. Situdiyo kuɗi yake ci, rediyo kuma ba ya son waƙa mai tsawo, dole suka taƙaita. Kamar mai kalangu ne: abin da zai yi maka a kaset daban, abin da zai yi a gidan biki idan fili ya ɗau zafi daban.

Ka gwada da "Whipping Post", waƙar ƙarshe. Berry Oakley ne ke buɗe ta da jitar bas. Ka riƙa buga gwiwarka kana ƙirgawa: uku, uku, uku, biyu, sha ɗaya ke nan. A nan minti biyar ce da 'yan kai. A faifan At Fillmore East, wanda suka ɗauka gaban jama'a a Maris 1971, ta haura minti 22, ta cinye gefen faifai guda. Idan ba ka haddace gajeriyar ba, doguwar hayaniya kawai za ta zame maka, don ba za ka gane inda masu jitarsu, Duane Allman da Dickey Betts, suka bar hanya da inda suka komo ba.

Ni dai "Dreams" ta fi kwanta mini. Minti bakwai ce, a tsakiyarta Duane ya koma goga wayoyin jita da 'yar kwalbar magani da yake sa wa a yatsa, sautin ya riƙa ja kamar kuka. Allah bai ba shi tsawon kwana ba, haɗarin babur ya kashe shi a garin Macon na jihar Georgia a Oktoban 1971.

Don Allah kar ka ji shi da lasifikar waya. Masu ganga biyu ne, Jaimoe da Butch Trucks, kuma waya haɗe su take yi su zama ɗaya. Ka sa abin ji na kunne, ka yi mako kana jin sa, sannan ka wuce Fillmore.