Ka tambaye ni zancen digiri, zauna ka ji labarin ƙofofi 140

Kashe girandar nan ka zo. Tun shekaranjiya kake kewaye-kewaye, yau dai ka fito da ita: ka samu gurbin karatu a jami'a, kana so ka san ko shekara huɗun da za ka kashe a can za ta amfani mutumin da burinsa ya buɗe wajen waldarsa, ko kuwa ka ci gaba da zama a nan har in yaye ka. Ka haɗa mini da labarin attajiran Amurka da suka bar makaranta suka yi kuɗi. Da wani yaron ne da na ce ya koma bakin aikinsa, don yawancinku wanda zai ɗaure muku gindi kan abin da kuka riga kuka yanke kuke nema. Amma tambayarka ta fama mini wani miki da har yau bai warke ba, don haka za ka ji shi tun daga farko.

A 2008 ne. Lokacin na yi shekara goma sha tara ina riƙe da sandar walda, kuma ban san wanda zai nuna mini yatsa a kan aikina ba. Sai ga wani ɗan kwangila, mai fara'a, mai yawan ambaton Allah a baki. Yana gina rukunin gidaje, yana son ƙofofin ƙarfe 140 da tagogi. Ya ce in yi masa samfuri. Na yi ƙofa ɗaya da fayif mai kusurwa huɗu, kaurin milimita 1.2, wanda shi ake sa wa ƙofar ɗaki ko'ina. Ya zo ya buɗe, ya rufe, ya ƙwanƙwasa, ya ce haka yake so, kada in canza komai. Muka yi ciniki da baki, muka tafa. Bayan kwana biyu yaronsa ya kawo takarda shafi tara, ya ce ka'idar ofis ce kawai, ba a fitar da kuɗin kafin alƙalami sai da ita. Na duba shafin farko, na ga sunana, na ga adadin ƙofofi, na ga kuɗin da muka yi. Na sa hannu a kan bonet ɗin motarsa. Ina iya karatu, kada ka ɗauka ban iya ba. Amma irin wannan rubutun na lauyoyi, da jimla ɗaya za ta cinye rabin shafi, ban taɓa zama da shi ba, kuma girman kai ya hana ni in ce a ba ni kwana ɗaya in kai wa wanda ya sani.

Aka ba ni kashi 30 cikin ɗari. Shekarar nan ƙarfe ya yi tashin gwauron zabo a duniya baki ɗaya, kusan duk zuwa kasuwa sai ka tarar an ƙara. Kafin in kai rabin aiki kuɗin ya ƙare. Na je masa, ya ce takarda ta ce farashi tsayayye ne, ba ƙari ko da me ya faru. Na haɗiye wannan, na zuba abin da na tara na shekara shida, na karɓi sauran ƙarfe bashi a wajen mutumin da muka yi shekaru muna hulɗa ba a taɓa jin kanmu ba. Yara bakwai ina biyansu, janareta na shan mai dare da rana. Na gama ƙofofi a kan lokaci, amma ginin nasa bai kai inda za a kafa su ba. Suka zauna a wajena mako biyar ina rufe su da tamfol.

Ranar da na kafa ta ƙarshe na je karɓar cikon kuɗina. Sai aka turo wani injiniya, yaro ƙarami, da ɗan ma'aunin kauri a aljihu. Ya maƙala shi a bakin fayif ya karanta: 1.2. Ya buɗe shafi na takwas ya nuna mini, an rubuta 1.5. Kai ma ka san tazarar, ƙarfen 1.5 ya fi na 1.2 nauyi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ƙarfe da nauyi ake sayensa. Da na san 1.5 ake so, ai ba wannan kuɗin zan faɗa ba. Na ce samfurin fa da maigidanku ya gani ya yaba? Ya buɗe wani shafin: duk maganar da aka yi da baki kafin sa hannu, wannan takarda ta shafe ta. Na ce to a cire ƙofofina in kwashe abina. A'a, duk abin da aka kafa a jikin gini ya zama na mai gini. Suka zaftare kuɗi saboda kauri. Suka zaftare tarar jinkiri ta mako biyar, jinkirin da su suka jawo, saboda takarda ta ce in tsaiko ya zo daga wajensu sai na sanar a rubuce cikin kwana bakwai, ni kuwa a waya na riƙa faɗa masa yana cewa ba komai. Suka riƙe kashi 10 na wata shida, wai ko wani lahani zai bayyana. Abin da ya rage bai biya mai ƙarfe ba.

Na je wajen wata lauya, yarinya ce da na haife ta a shekaru. Minti goma sha biyar ta yi da takardar, ta ja layi a wuri huɗu, ta ce Baba, da ka kawo mini kafin ka sa hannu da ko ɗaya ba za ta wuce ba. Sannan ta nuna mini na biyar, wanda ya fi ƙona mini rai. Ba da mutumin na ƙulla yarjejeniya ba, da wani kamfaninsa ne, kuma a idon doka kamfani mutum ne daban da mai shi. Kamfanin ba shi da komai sai suna da hatimi. Ko na yi nasara a kotu, gidansa da motocinsa ba za a taɓa su ba. Na sayar da babban injin waldata da janareta na biya bashi. Yara biyar na sallama, biyu a cikinsu da iyali. Shekara huɗu na yi kafin in miƙe. Mutumin nan bai fi ni sanin ƙarfe ba, ko ɗigon walda bai iya ba. Ya san takarda, ni ban sani ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Har gobe in na tuna bonet ɗin motar nan sai abinci ya fita raina.

Yanzu mu zo kan attajiranka. Bill Gates ya bar jami'ar Harvard a 1975, gaskiya ne. Amma ka tambayi kanka wane irin yaro ne yake shiga Harvard tun farko. Mahaifinsa babban lauya ne, kuma tun yana ɗan shekara 13 makarantarsu ta ba shi damar taɓa kwamfuta, a zamanin da yawancin manyan mutane ba su taɓa ganinta ba. A 1980 da ya zauna da kamfanin ƙera kwamfuta na IBM, ya ba su damar amfani da manhajarsa amma ya riƙe ikon sayar da ita ga sauran masu ƙera kwamfuta. Wannan sharaɗin shi ne tushen dukiyarsa. Wato abin da ya kashe ni a shafi na takwas, shi ya gina shi. Mark Zuckerberg ma ya bar Harvard a 2004, bayan Facebook ya riga ya kama, mutane na tururuwar shiga. Su ciniki ne ya yi musu yawa har aji ya zama cikas. Kai wane ciniki ne ya yi maka yawa? Kuma ba a ba ku labarin sauran. Waɗanda suka kafa Google a 1998, Larry Page da Sergey Brin, karatun digiri na uku suke yi a Stanford. Jeff Bezos ya gama Princeton a 1986, ya yi wa wasu aiki shekara takwas, sai a 1994 ya kafa Amazon yana da shekara 30. Wasu masana a Amurka sun bi bayanan hukuma na miliyoyin kamfanoni, suka fitar a 2018 cewa masu kafa kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa, matsakaicin shekarunsu 45 ne. Dubban da suka bar karatu suka ƙare ba tsuntsu ba tarko kuwa, ba wanda ke ɗaukar hotonsu ya sa a waya.

In misali kake so, ɗauki na mai sana'ar hannu irinka. Soichiro Honda yaron gareji ne, ya fara koyon gyaran mota a Tokyo a 1922 yana ɗan shekara 15. Ya ƙware, ya buɗe nasa garejin, ya yi suna. Da ya ce zai ƙera ringin fistin, wato zoben ƙarfen da ke cikin injin mota, sai abin ya gagare shi, yana zubawa suna karyewa. Hannunsa ba shi da laifi, sanin abin da ke cikin narkakken ƙarfe ne babu. Wani malamin makarantar fasaha a Hamamatsu ya bincika ya ce masa sinadarin silikon ne ya yi ƙaranci. Mutum mai garejin kansa, ya kai shekara 30, ya koma aji ya zauna da yara. Da ya fara kai wa Toyota ringi 50, 3 kacal suka tsallake gwaji, bai fasa ba. Takardar shaidar kammalawa ma bai samu ba, abin da ya kai shi ya ɗauko ya fito. Bayan ya kafa kamfanin Honda a 1948, sai ya miƙa harkar kuɗi da kasuwanci ga Takeo Fujisawa, shi ya tsaya kan inji. Ya san inda saninsa ya tsaya. Ni ranar da aka miƙo mini shafi tara ban san inda nawa ya tsaya ba.

To kada ka ji haka ka ɗauka kwalin ne zai buɗe maka wajen aiki. Masu digiri nawa suka zo nan neman koyo, aka ba su tef ba su iya karanta shi ba, mako biyu suka gudu saboda tartsatsi ya huda musu riga? Ku yaran yanzu kun fi son suna a kan aiki. Yaro bai iya yanka kusurwa ta haɗu ba tare da ya cike ramin da walda ba, amma ya buga kati ya sa wa kansa shugaban kamfani. Ku kalli bidiyon minti uku ku ce kun iya. Zancen yadda ake fitar da farashin ƙofa ko yadda ake riƙe abokin ciniki ba zan tsaya ina koya maka da baki ba, shekara uku kana nan, in ba ka gani da idonka ba to ba za ka gani ba. Wannan ba jami'ar da ke koyar da shi, kuma wanda ya rasa shi, ko digiri uku ya tara zai rufe shago.

Abin da ke can wanda babu shi a nan, shi nake so ka je ka ɗauko. Karanta yarjejeniya har ka gane inda aka binne ƙaya. Rubuta lissafi yadda za ka bambance ciniki da riba, don na ga ƙwararru da yawa suna cin uwar kuɗi suna murna aljihu ya cika. Karanta zanen injiniya, da lissafin nauyin da ƙarfe zai iya ɗauka, don ranar da za a kira ka rufin babban ɗaki, ƙiyasin ido ba zai fisshe ka ba, rayukan mutane ne a ƙarƙashi. Sannan akwai manyan ayyukan da ba za a bari ka ko shiga layin nema ba sai da mai takarda a cikin kamfaninka, ni na sha ɗaukar irin wannan aikin a hannu na biyu, wani ya ci rabin ribar don kawai sunansa ne a sama. A Jamus yaro yana kwana uku ko huɗu a wajen aiki, sauran kwanakin mako a makaranta, har shekara biyu zuwa uku da rabi, shi ya sa aikinsu yake yadda yake. Ba su ɗauki hannu da takarda kishiyoyi ba.

Don haka ka je. Amma da sharaɗi, kuma ba na son musu. Kwas ɗin ya zama mai alaƙa da abin da za ka ci da shi, injiniyanci ko lissafin kuɗi ko harkar gine-gine. In wanda aka ba ka kawai don a cike gurbi ne, ka bar shi ka sake nema baɗi. Kada ka ci bashin da zai hana ka sayen injinka na farko in ka fito, don wanda ya fara sana'a da bashi a wuya, kowane mugun aiki aka kawo masa karɓa zai yi, ba shi da bakin cewa a'a. Kuma duk hutu a nan za ka yi shi, da tabarau a fuska. Hannun da ya yi shekara huɗu bai riƙe sanda ba sai ya koma kamar na baƙo, ni kuwa ba zan sake koya maka daga farko ba.

Takardar nan mai shafi tara tana nan a akwatina, da layukan da lauyar ta ja. In ka gama zangon farko ka dawo, zan miƙa maka kwafin da ba a ja wa layi ba, in ga ko za ka nemo wuraren biyar da kanka. Gobe ka zo mini da takardar gurbin in ga sunan kwas ɗin. Yanzu koma kan firem ɗin can, tun daga nan ina hango ƙafarsa ta hagu ta karkace.