Wasiƙar da ke raka takardun ciniki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina harkar fitar da kaya zuwa ƙasashen waje, kuma nakan aika takardu zuwa banki da kamfanonin da muke hulɗa. Wani ma'aikacin banki ya ce in daina miƙa takardu haka kawai, in riƙa haɗawa da wasiƙa. Mene ne amfaninta, kuma me zan rubuta a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wannan ma'aikaci ya yi maka gata, ka riƙe maganarsa hannu bibbiyu. Ambulan ɗinka yakan bi ta hannun mutum uku ko huɗu kafin ya isa teburin wanda zai yi aiki da shi, kuma yawancinsu ba su san ka ba, ba su san cinikin da aka ƙulla ba. Wasiƙar ce take gaya musu daga ina takardun suka fito, na wane ciniki ne, da abin da kake so a yi da su.

Shafi ɗaya ya wadatar. A sama ka sa sunan kamfaninka da adireshi, kwanan wata, sunan wanda ake aika wa da muƙaminsa, sai lambar odar ko ta kwangilar. Kwanan watan nan ka rubuta sunan wata da haruffa, domin 03/04 a Ingila 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Gaisuwa layi ɗaya, ka shiga magana.

Inda nake so ka fi ba da ƙarfi shi ne lissafa abin da ke cikin ambulan. "Ga takardun nan" ba magana ba ce. Ka ambaci kowace takarda da sunanta da lambarta, ka faɗi guda nawa ce, ta asali ce ko kwafi. Misali: "Takardar lodin jirgi, ta asali guda 3; takardar farashin kaya, ta asali 1 da kwafi 2; takardar shaidar ƙasar da kayan suka fito, ta asali 1." Takardar lodin jirgin ruwa ta asali, wanda ta hau hannunsa bisa ƙa'ida shi ke da ikon karɓar kaya a tasha, don haka ɓatan guda ɗaya ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Ranar da aka ce biyu aka gani, wasiƙarka ce za ta tsaya maka.

Daga nan ka faɗi buƙatarka ƙarara: a sa hannu a mayar maka, ko a biya, ko a ajiye a fayil, tare da ranar da kake jiran amsa. Kada ka cusa sabon sharaɗi ko rangwamen farashi a wannan wasiƙa. Maganar da ta shafi yarjejeniya wurinta cikin yarjejeniyar.

Sannan ka buga wasiƙar kwafi biyu. Wanda ya karɓa ya buga hatimi a kan naka, ya sa hannu da kwanan wata, ka koma da shi fayil. Wallahi wannan ɗan hatimi yana da nauyi, musamman idan da takardar lamunin banki ake biyanka, wato alkawarin da banki ya yi a rubuce cewa zai biya ka in takardunka sun cika sharaɗi. Ƙa'idojin UCP 600 na Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Paris, waɗanda suka fara aiki a 2007, sun ce a gabatar da takardun sufuri na asali cikin kwana 21 bayan lodi, sai fa in takardar lamunin ta yanka wani wa'adi, kuma kafin ita kanta ta ƙare. Banki kuma yana da kwanakin aiki biyar bayan ranar karɓa ya duba takardun. Ranar da ke jikin hatimin ce za ta nuna ka miƙa takardun cikin wa'adi, kuma daga ita ake kama lissafin kwanaki biyar na banki.

In ta kamfanin aika saƙo za ka tura, ka adana rasit mai lambar bin sawu tare da kwafin wasiƙar. In ta imel ne, jikin saƙon shi ne wasiƙar: lambar oda a kan taken, takardun a tsarin PDF, kowace da sunan da ya dace da abin da ka lissafa, kuma ka nemi su amsa cewa sun buɗe sun ga komai ya cika.