Doguwar lambar da ke cikin satifiket ɗin shafin banki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na buɗe satifiket ɗin tsaro na shafin bankina a kwamfuta, sai na ga an rubuta RSA 2048, ga wata lamba doguwa a ƙasa. Mece ce ita? Tunda kowa na iya ganinta, ba a buɗe wa ɓarayi ƙofa ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Da gangan aka baje ta. Ita ce mabuɗin tsaron shafin da ake nuna wa kowa, 2048 ɗin kuma tsawonta ne a alƙaluman kwamfuta na 0 da 1. Idan aka rubuta ta da alƙaluman da muka saba, tana da alƙaluma 617. An samo ta ne ta ninka manyan lambobi biyu marasa rabuwa, wato irin waɗanda 1 da su kansu kaɗai ke raba su ba saura, kamar 53 da 61. Ninka waɗannan ka samu 3233 nan take. To amma a ba ka 3233 a ce fito da iyayenta, sai ka bi lambobi ɗaya bayan ɗaya. A kan wannan bambanci Rivest da Shamir da Adleman suka gina tsarin RSA a 1977. Iyayen biyu su ne sirrin, suna can wurin banki.

Abin mamakin shi ne, kwamfuta na iya tabbatar da cewa lamba mai rabuwa ce ba tare da ta san masu raba ta ba. Ɗauki 15: ninka 2 da kanta sau 14, ka samu 16384, ka raba da 15, saura 4. Da 15 marar rabuwa ce, dole saura ya zama 1. Gwajin yana da rauni, don 341, wadda take 11 sau 31, tana tsallake shi, shi ya sa manhajoji ke amfani da na Miller-Rabin.

Fasa lambar kuwa wani aiki ne daban. An fasa mai alƙaluma 129 a 1994, mai 232 a 2009, mai 250 a 2020, kuma ta ƙarshen ta ci aikin da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda za ta shekara kusan 2,700 tana yi. Tsakanin 250 da 617 akwai tafiya mai nisan gaske.

Tambaya: Ke nan ba ta yadda za a yi a karya ta?

Amsa: Ana karyawa, amma ta wurin sakacin mai haɗa mabuɗin. Idan iyayen biyu sun yi kusa da juna, dabarar Fermat na tono su da wuri. Duba 8051: lamba ta farko da idan ta ninka kanta za ta wuce ta ita ce 90, wato 8100. Bambancin 49 ne, 7 sau 7. Cire 7 daga 90, ƙara 7 a kan 90: 83 da 97. An gama.

Mafi muni shi ne mabuɗai biyu su haɗa uba ɗaya. Ga 3233 da 3599. Raba babbar da ƙaramar, saura 366; raba 3233 da 366, saura 305; raba 366 da 305, saura 61; 305 kuma ta rabu da 61 tas. Ga 61 ta fito, mabuɗan biyu sun tashi aiki. A 2012 masu bincike sun tattara miliyoyin mabuɗai a intanet suka fasa dubbai ta wannan hanya, galibi na ƙananan na'urorin haɗa intanet da ke ƙirƙirar mabuɗi da zarar an kunna su, kafin su tara isassun lambobin bazata.

Don haka idan kai ne mai haɗa mabuɗi, misali da manhajar ƙirƙirar mabuɗi ta ssh-keygen, kada girman mabuɗin RSA ya yi ƙasa da 2048. Ni 3072 nake zaɓa. Mai girman 1024 an daina yarda da shi a satifiket. Ka riƙa sabunta manhajar na'urar intanet ɗinka. Mai shiga shafin banki kuma, abin tsoronsa shi ne shafin bogi da mai kira yana neman lambar OTP, don shafin bogi ma yana iya samun satifiket mai kyau. Karanta adireshin harafi da harafi kafin ka saka lambar sirri.