Tambaya da Amsa: Yadda waƙar Faransanci ta koma "My Way"

Tambaya: Assalamu alaikum. An ce mini waƙar "My Way" ta mawaƙin Amurka Frank Sinatra asalinta ta Faransawa ce. Fassara ta aka yi? Ina tambaya ne don ina son ɗora baitocin Hausa a kan wani kiɗan waje.
Mai karatu, Sabon Gari, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Gaskiya aka faɗa maka, amma ba fassara aka yi ba. Asalinta "Comme d'habitude" ce, wadda mawaƙin Faransa Claude François ya fitar a 1967. Jacques Revaux ne ya fara tsara karinta, Gilles Thibaut ya sa hannu a baitocin. Zancen masoya ne da soyayyarsu ta mutu, sai zaman sabo kawai.

Paul Anka, mawaƙi ɗan Kanada, ya ji ta a Faransa, ya nemi izinin masu haƙƙinta. Karin kaɗai ya riƙe, baitocin kuwa ya ajiye su gaba ɗaya. Ya rubuta sababbi da bakin dattijo mai waiwayen rayuwarsa, domin Sinatra ya nufa da ita, shi kuwa lokacin ya haura shekara 50. An naɗe ta ranar 30 ga Disamba 1968, ta fito a 1969, ta yi mako 75 cikin jerin waƙoƙi 40 na gaba a Birtaniya. A ganinmu abin da ya ɗaga ta shi ne an ɗinka maganar daidai wuyan mai rera ta.

To, ga naka aikin. Fara rera karin ba kalmomi, ka ƙirga gaɓoɓin kowane layi, ka yi alama a inda murya ke ja. A wuraren nan sa gaɓa mai nauyi, wato mai dogon wasali ko mai ƙarewa da baƙi. A nan yawanci ake tuntuɓe: in ka ja gaɓar farko ta garin da ake zama, mai sauraro zai ji garin tuwo. Haka kuma inda kari ya hau sama, kada ka aza gaɓar da Bahaushe ke saukar da murya a kanta. In kalma ta ƙi zama, canza kalmar, bar karin.

Kafin ka shiga situdiyo, nemi izini a rubuce daga kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙar, a fayyace kason kowa. Masu kari suna da rabonsu ko da duk baitocin naka ne. In ka ɗora ta a YouTube ba izini, ana iya toshe ta ko a karkatar da kuɗin talla zuwa gare su.