Jaririnku na da lissafin kwana iri biyu, kada ku haɗa su

Wani ƙanenmu da ke aiki a Ingila da bizar ma'aikata ya aiko da tambaya. Matarsa ta haifi bakwaini a mako na 30, yaron ya yi makonni a kwalba, yanzu yana da mako 11 a duniya kuma an sallame su. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ɗan tabo, likitoci sun ce za su ɗauki bidiyon motsinsa nan gaba don su ga ko akwai alamar lalurar da suke kira serebral palsi, wato matsalar motsin jiki da rauni a ƙwaƙwalwa ke jawowa. Mahaifiyarsa a Kano kuma ta ce a kawo mata jikanta a yi masa na gida. Ya ce: "Me bidiyo zai nuna a jikin jariri? Kuma in kai shi gida ko in jira?"

Ƙanena, Allah ya raya, ya ba shi lafiya, ya ƙara wa maijego ƙarfi. Ka jira. Ga dalilina.

Binciken nan ba sabon abu ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Austiriya, Heinz Prechtl, ya shafe shekaru yana nazarin yadda jarirai ke motsi da kansu in ba wanda ya taɓa su, ya gano cewa motsin na da tsari, kuma tsarin na canzawa in ƙwaƙwalwa ta samu rauni. A makonnin farko jariri mai lafiya yakan yi miƙa da murɗa a hankali, hannu ya tafi nan, ƙafa ta tafi can, ba ya maimaita abu ɗaya. Wanda ke damun likitoci shi ne jaririn da gaɓoɓinsa duka ke ƙanƙamewa lokaci guda su saki lokaci guda. Daga mako na 9 zuwa na 20 kuma sai wani motsi ya bayyana, ƙanana-ƙanana, a wuya da kafaɗa da wuyan hannu da idon sawu, kamar yaron na mutsu-mutsu ba ya gajiya. Iyaye da yawa ba sa ma lura da shi. In yana nan, alama ce mai kwantar da hankali ƙwarai. In an duba an sake dubawa babu shi, to akwai yiwuwar lalurar sosai. Bayan mako na 20 motsin yakan ɓace da kansa a jikin kowane yaro, ya koma kai hannu ga abin da yake so, daga nan wannan ƙofar ta rufe.

Nan ne lissafi na farko. Waɗannan makonni ana ƙirga su daga ranar da ya kamata a haife shi, ba ranar da ya zo ba. Ɗanka ya riga lokacinsa da mako 10, don haka a wajen likita yanzu kwanansa bakwai kacal. Lokacin bidiyon zai kama tun yana mako 19 da haihuwa har zuwa 30. In kana Kano a wannan tsakanin, an rasa shi.

Ɗaukar ba ta da wahala ga yaro. Minti uku zuwa biyar ne, yana kwance rigingine, idonsa biyu, ba ya kuka, ba abin tsotsa a baki, ba a yi masa wasa. Ba allura, ba ciwo.

Kada kuma ka ɗauki bidiyon a matsayin hukunci. Likitoci na haɗa shi da hoton ƙwaƙwalwa da wani gwajin jijiyoyi da aka tsara a asibitin Hammersmith na Landan. Ko an tabbatar da lalurar, mataki biyar gare ta: na farko yaro na tafiya da gudu da ɗan tangarɗa, na biyar yana bukatar keke da taimako a komai. Motsin farko na ba da haske kan inda yaro zai iya faɗawa, amma sai wajen shekara biyu abin ke fitowa sosai, kuma yaron da ya iya zama da kansa kafin shekara biyu galibi yakan yi tafiya. Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa. Amfanin sani da wuri shi ne a fara motsa jiki da masu gashin ƙashi na asibiti tun ƙwaƙwalwar na ɗanya.

Lissafi na biyu na takardu ne, shi kuma daga ranar haihuwa ake yin sa. Haihuwa a Ingila ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa in iyayensa duka da biza suke zaune. Da yake kun biya kuɗin lafiya tare da bizarku, asibitin gwamnati na NHS zai duba shi kyauta na wata uku na farko muddin bai fita ƙasar ba. Saura maka mako biyu. Ka shigar masa da takardar neman biza a ƙarƙashinka yanzu, ka fara neman fasfonsa na Najeriya. In ya fita ba biza, ba zai dawo ba sai an nema masa daga can. Kafin ka nemi wani tallafin kuɗi na gwamnati saboda lalurar, ka ga lauyan shige da fice mai rajista, domin yawancin bizar aiki ta hana.

A wurin aiki, tun watan Afrilun 2025 akwai hutun iyayen da jaririnsu ya kwanta a sashen jarirai kwana bakwai a jere ko fiye, mako ɗaya a kan kowane makon jinya, har zuwa mako 12. Ana iya ɗaukarsa bayan sallama. Ka tambaya a rubuce.

Hajiya kuwa tsoro ne da ƙauna suka sa ta magana, kada ka yi mata gardama. Ka gaya mata wannan ba shan inna ba ne, ba kuma laifin matarka ba ne, don za a samu masu faɗin haka a dangi, kuma kai ya kamata ka tare maganar tun kafin ta kai kunnen maijego. Ka roƙe ta addu'a da sadaka, ka riƙa kiranta ta bidiyo tana ganin jikanta. Ka faɗa mata watan da likita zai gama dubawa, ku sa ranar zuwa bayan nan, in biza ta fito.