Aljanu ne suka gina dalar Giza?

Malam, ka tambaya ko aljanu ne suka gina babbar dalar Giza ta Masar. A'a, gumin 'yan Adam ne, kuma shaida na nan. An gina wa Fir'auna Khufu ita kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali mita 146. Kusa da ita masu tono sun gano unguwar ma'aikatan, da wuraren gasa burodinsu, da kaburburansu, har da ƙasusuwan da aka yi wa ɗori suka warke.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne takardun Merer da aka samu a 2013. Shugaban wasu ma'aikata ne, ya rubuta yadda suke jigilar farin dutse daga Tura, wani wurin haƙar dutse a ƙetaren kogin Nilu, zuwa Giza cikin jiragen ruwa.